Yadda za ki shigo da ganye da sabbin kayan lambu tukunyarki ba tare da rigima da yara ba

Ranar da na fara zuba koren wake da karas a dafa-duka har yau ina tuna ta. Daga Jos muka dawo muka tsaya a bakin hanya na sayo su da araha, ga su shar gwanin sha'awa, ina isa gida na yanka manya-manya na cika tukunya ina ta murna yau yarana za su ci abin da zai amfani jikinsu. Da aka tashi daga cin abinci na je ɗaukar tire sai na tarar an tsince su tas an tara a gefe, shinkafa kuwa ko ƙwara ba a bari ba, har Abbansu ma ya ture nasa. Wallahi raina ya ɓaci, don kuɗi na kashe kuma da zuciya ɗaya na yi.

Innata na gidan a lokacin, ta kalli tiren ta ce min, "'Yar nan, baƙo ai da mai masauki yake shiga gari. Ke kin kwaso baƙi kin cika musu tire babu wanda suka sani." Wannan maganar ita ce ta gyara min tunani, kuma duk abin da zan faɗa miki a nan a kanta ya tsaya. Duk sabon ganye ko kayan lambu baƙo ne a bakin yaro, sai kin nema masa mai masauki a cikin abincin da yaron ya riga ya saba da shi, ya shigo shi kaɗai, ɗan kaɗan, ya yi ta zuwa yana komawa har ya zama ɗan gida.

Mataki na farko, kar ki je kasuwa tukuna

Ki ɗauki sati guda kina lura da tiren gidanki kawai. Me yaran suke cinyewa ba sai an yi magana ba? A gidana masa ce da ɗan wake da taliya da wainar ƙwai da alale, wani gidan kuma shinkafa da wake ne ko Indomie ko faten dankali. Waɗannan su ne masu masaukin naki, ki riƙe su a ka ko ki rubuta a waya. Sannan ki lura da abin da yaron yake gudu a abinci, don ba kowane "ba na so" ne iri ɗaya ba. Wani ɗaci yake gudu, wani yauƙi, wani kuma zare-zaren ganye ne ke maƙale masa a haƙori ko ya ji kamar zai shaƙe shi, wani ma launin kawai zai gani ya ce a'a bai ko taɓa ba. Babbar 'yata na daɗe ina cewa ba ta cin alayyahu, ashe dogon yankan da nake yi ne ba ta so, ranar da na yanka shi siriri sosai ta cinye ba ta ce komai ba.

Kuma don Allah ki cire wa ranki cewa rashin tarbiyya ne ko taurin kai. Daga wajen shekara 2 zuwa 6 yawancin yara suna shiga wani lokaci na gudun duk abincin da ba su sani ba, har wanda yake cin komai yana ɗan wata 10 sai ki ga ya canja. Harshen yaro kuma ya fi na babba jin ɗaci, zogalen da ke kike ji daidai shi a bakinsa kamar magani ne. In kin san wannan za ki rage faɗa, kuma rage faɗan nan shi ne rabin aikin.

Mataki na biyu, zaɓi baƙo ɗaya tak

Ɗaya na ce, ba uku ba. Kuma ki fara da masu ɗan zaƙi: kabewa, karas, da dankalin Hausa mai jan ciki kamar lemu ɗin nan in kin same shi. In sun zauna sai ki matsa zuwa masu sauƙin ɗanɗano irin su kabeji, koren wake, kokwamba da alayyahu. Daga nan masu tsami, rama da yakuwa, yara da yawa suna son tsami fiye da yadda muke zato. Masu ɗaci su ne na ƙarshe, zogale, tafasa, gauta. Yawancinmu a nan muke kuskure, mu ji a rediyo ana yabon zogale sai mu fara da shi, yaro ya ɗanɗana ya tofar, daga ranar duk wani abu kore ya zama abokin gaba.

Wani abu da nake so ki gane, "sabo" ba yana nufin na Turawa ba. Yaran da suka tashi a cikin garin Bauchi da yawansu ba su taɓa cin tafasa ko ganyen wake ko lalo ɗanye ba, a wurinsu waɗannan baƙi ne kamar yadda burokoli yake baƙo. Ni a ganina ba ki da wani dalilin wahalar da aljihunki a kan burokoli da farin kabeji alhali ga alayyahu da zogale da rama a ƙofar gida, ganyayen nan namu masu duhun kore ba su da abin raini ko kaɗan wajen bitamin A da sinadarin ayon mai ƙara jini. In kin samu na Jos da sauƙi ki saya, a ɗanɗana, ba laifi, amma kar ki ji kamar sai da su ne abinci ya cika.

Ki bi lokaci kuma. Da hunturu, daga Disamba zuwa wajen Maris, lokacin da kayan noman rani suke shigowa, in kika shiga kasuwar Muda Lawal ta Bauchi da safe za ki ga karas da kabeji da latas da tumatir jibge kuma da sauƙi, to lokacin nasu ne. Da damina ganye ne ke mulki, tafasa, rama, lalo, alayyahu, zogale ya yi sabon toho. Da kaka kabewa ta shigo. Abin da yake lokacinsa ya fi araha ya fi daɗi, kuma tunda za a yi ta gwaji ana barin saura gara ki yi gwajin da mai araha. Ki sayi kaɗan, ko ƙulli ɗaya ne.

Ga wadda take son ta san iya adadin da ake nufi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba da yaro daga shekara 10 su samu aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 350, ɗan shekara 2 zuwa 5 giram 250, kuma doya da rogo da dankali ba sa cikin lissafin. Ba wadda za ta tsaya auna abinci a sikeli, ki ɗauka kawai cikin tafin hannun yaron sau biyar a yini, wani a miya, wani a fate, wani lemu ko gwaba ko mangwaro. Kar wannan lissafin ya tayar miki da hankali a satin farko, inda za a je ne ba inda za a fara ba.

Mataki na uku, wanki

Nan ba na wasa da shi ko kaɗan. Mu a Bauchi mun ga abin da kwalara ta yi a 2021, jiharmu na cikin waɗanda ta fi taɓawa a ƙasar nan, kuma wasu lambunan da ruwan da ba shi da tsabta ake ba su. Ki fara wanke hannunki da sabulu. Ganye ki tsinke shi ki cire ruɓaɓɓu, ki zuba a babbar roba da ruwa mai yawa ki jujjuya, sai ki tsamo ganyen sama ki zubar da ruwan, kar ki tsiyaye ruwan ta kan ganyen don ƙasar za ta koma ciki. Ki maimaita sau uku ko har sai kin ga gindin robar ba yashi. Ki wanke kafin ki yanka, ba ki yanka sannan ki jiƙa ba, in kin yanka kin bar shi a ruwa amfaninsa ne yake fita yana bin ruwan. Kabeji ki ɓare ganyen waje ki yar, karas ki goge shi sosai ki kankare bayan.

Ruwan gishirin da muke sawa yana taimakawa wajen fitar da tsutsa da ƙananan ƙwari, ruwan khal ma yana ragewa, amma kar ki ɗauka sun kashe duk ƙwayoyin cuta, wuta ce kawai take wannan aikin. Shi ya sa ƙananan yara ni dafaffe nake ba su, ɗanyen latas da kabeji sai ga manyan, kuma in ana maganar amai da gudawa a gari kowa ma dafaffe zai ci har abin ya lafa. Wuƙar da kika yanka nama ko kaza da ita kar ta taɓa abin da za a ci ɗanye sai an wanke ta da sabulu, faifan yanka ma haka.

Mataki na huɗu, girkin kansa

Gaskiya ɗaya da ba ma son ji ita ce sau da yawa ba ganyen yara suke ƙi ba, yadda muka dafa shi ne. Alayyahun da ya yi rabin awa a wuta ya koma baƙi-baƙi ya yi laushi kamar tsumma, ko babba da haƙuri yake ci. Ganye mai taushi a ƙarshen girki ake zuba shi, minti 3 zuwa 5 ya isa, ki sauke yana nan kore. Karas da koren wake ki bar su da ɗan ƙarfi kaɗan amma su dahu, musamman koren wake ba a cinsa ɗanye. Kanwar da ake sawa don ganye ya yi saurin laushi ko ya riƙe launi tana lalata wasu bitamin ɗin, ki rage ta iya yadda za ki iya, in tsamin yakuwa ne ya yi yawa gara ki rage yakuwar ko ki haɗa ta da alayyahu. Kuma kar ki hana mai, bitamin A na cikin karas da kabewa da ganye sai da maiƙo jiki yake iya ɗaukarsa da kyau, ɗan man gyaɗa ko manja ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko ƙuli ya wadatar. Kin ga ashe iyayenmu da suke kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli suna miyar taushe da gyaɗa sun san abin da suke yi.

To yanzu haɗa baƙo da mai masauki. Zan faɗi waɗanda na gwada suka karɓu a gidana, ke kuma ki duba naki.

Wainar ƙwai ita ce ƙofa mafi sauƙi. Ki ɗebi alayyahu kamar cikin hannu ɗaya ki yanka siriri sosai, ki soya albasa sama-sama ki zuba ganyen ki juya minti ɗaya ya kwanta, sannan ki zuba ƙwai biyu ko uku a kai. Ranar farko ganyen ya zama ɗigo-ɗigo ne kawai a cikin ƙwan, kar ya fi ƙwan yawa. Haka za ki yi da gogaggen karas ko kabeji. Indomie ma haka, tunda dai sai sun ci ta, to ta zama mai masauki, ki goga karas a magogin kuɓewa ki zuba tare da taliyar, kabeji kuma sai ana saura minti ɗaya a sauke.

Alale da ƙosai suna ɗaukar karas sosai, ki goga shi a ƙananan ramukan magogi ki zuba a ƙullun bayan an markaɗo, karas ɗaya matsakaici ya ishi gwangwani biyu na wake, yana ƙara masa kyan launi ma. Ɗan wake kuwa dama da rakiyarsa yake tafiya, sai ki sa ɗan yankakken kokwamba da tumatir a gefe ɗaya na farantin, kabejin ki ɗan turara shi in yaran ƙanana ne.

Masa fa, mu da aka san mu da ita? Miyar ita ce wurin aiki. Ki dafa kabewa ta yi luguf ki dama ta a cikin miyar taushe har ta narke, gyaɗa ta ji, ki sa alayyahu a ƙarshe, yakuwa kaɗan don ɗan tsami. Yaron da yake cin masa da suga kawai kar ki ƙwace masa sugan rana ɗaya, ki ba shi masarsa yadda ya saba, ki sa miyar a ɗan ƙaramin kwano a gefe ki ce ya tsoma guda ɗaya ya ji. Autana wata guda ya yi yana tsoma gefen masa kamar mai tsoron zafi, yanzu shi ke neman ƙari.

Faten tsaki da dambu su ne manyan masu masauki don su dama gidan ganye ne, matsalar kawai muna cika su da ganye tun ranar farko yadda manya suke so. Ki raba, ki ɗebi na yara kafin ki zuba ragowar ramar, nasu ya zama tsakin ya fi yawa, sati-sati kina ƙarawa. Zogale in lokacinsa ya yi ki zaɓi sabon toho, ki tsinke ki cire duk 'yan sandunan nan don su ne ke maƙalewa a wuya, ki dafa ya yi laushi ki matse, ƙulin ya ji sosai, tumatir da albasa da ɗan mai, yajin yara kuma a rage. In ɗacin ya yi yawa ki zubar da ruwan farko, eh wani amfanin zai tafi da ruwan, amma zogalen da aka ci ya fi wanda aka bari a kwano.

Akwai masu cewa a markaɗe komai a bilenda a ɓoye a miya yaro bai sani ba. Ina yi, musamman karas da kabewa da jan tattasai a miyar dage-dage, yana rage tsamin tumatir kuma yana ƙara auki. Amma kar ki tsaya a nan, don yaron da bai taɓa ganin karas da idonsa a faranti ba ranar da ya gani zai ƙi shi ne kamar bai taɓa ci ba. Ki ɓoye wani ki bayyana wani. Kuma in ya tambaye ki me ke ciki ki faɗa masa gaskiya, in ya kama ki da ƙarya sau ɗaya zai fara binciken duk abin da kika zuba masa har wanda yake so.

Mataki na biyar, a kan tire

Nan ne ake cin nasara ko a faɗi, ba a kicin ba. Cokali ɗaya za ki sa masa, ƙaramin cokali ma, a gefen abincin da yake so. Ki kawo lokacin da yake jin yunwa, kamar dawowa daga makaranta ko Islamiyya, ba bayan ya cika ciki da biskit da lemon kwalba da cincin ba, shi ya sa awa ɗaya zuwa biyu kafin abinci nake rufe maganar kayan ƙwalam. Wani lokacin ina cikin girki suna zagaye ni da "Umma yunwa" sai in miƙa musu yankan kokwamba ko dafaffen karas a ɗan faranti in ci gaba da aikina ban ce komai ba, a nan suka fi ci wallahi.

Naki shi ne ki zaɓi abin da za a dafa da lokacin da za a ci, nasa shi ne ya ci ko ya bari da kuma iya yawan da zai ci. Na san wannan yana da wuyar haɗiya a wurinmu don mun tashi ana cewa sai ka cinye kafin ka tashi, wasunmu ma da ɗura aka raine mu. Ɗura kam ki bar ta gaba ɗaya, abinci yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhun yaro, ba ƙaramin hatsari ba ne. Duka da tsawa kuma abin da suke koya wa yaro shi ne ganye abin azaba ne. Cin hanci ma haka, "in ka cinye zogalen zan ba ka alawa", kin gaya masa kenan alawa ce abin so zogale kuma wahalar da ake sha kafin a kai gare ta. Abin da nake cewa kawai shi ne "ɗanɗana ka ji, in bai maka ba ka ajiye a gefe", in ya ɗanɗana ya tofar sai in ce madalla ka gwada, in ɗauke ba tare da ɓata fuska ba. Ko ya taɓa da yatsa ya sunsuna ya ajiye, ci gaba ne.

Sai ki sake kawowa bayan kwana biyu ko uku. Masu bincike a kan cin abincin yara sun nuna sau da yawa sai an kawo abu sau 8 zuwa 10, wani yaron har 15, kafin ya karɓa, mu kuwa sau biyu ko uku muke gwadawa mu yanke hukunci "ai shi ba ya ci". Kuma ki daina faɗin wannan kalmar a gabansa, in baƙuwa ta zo kika ce "wannan ai ba ya cin ganye" ya ji, to kin ba shi suna kuma zai riƙe shi. Ki canja siffa in an yi ta ƙi, wanda ya ƙi dafaffen karas wataƙila ya so gogagge a alale, wanda ya ƙi kabeji a miya ya so shi a taliya.

Ku kuma iyaye maza, don Allah da ku nake. In maigida ya tsince koren wake ya ture gefe a gaban yara, aikin wata guda ya rushe a minti ɗaya. Ni sai da na samu Abbansu mu biyu na ce, "Abban yara, ko ba ka so ka daure ka ci loma biyu a gabansu, kai suke kallo." Ya yi, kuma na ga bambanci a satin. Cin abinci a tire ɗaya da muke yi ni'ima ce a wannan fannin, ƙaramin yana kallon hannun yayansa, in kin shawo kan babban cikinsu sauran za su biyo. In akwai kaka a gida ita ma a roƙe ta kar ta riƙa cewa a ƙyale shi a soya masa ƙwai duk sanda ya ƙi abin da aka dafa, in yaro ya gane akwai girki na biyu ba zai taɓa gwada na farko ba. Ki tabbatar dai kullum akwai abu ɗaya a tiren da yake ci, don kar ya kwana da yunwa.

Mataki na shida, sa hannunsu a ciki

Wannan gajere ne amma yana aiki. Ki tafi da ɗaya kasuwar Wunti ko wurin mai kayan miya na unguwa ki ce ya zaɓo karas ɗin da ya fi masa kyau, ɗan shekara 4 zai iya tsinke zogale da wanke tumatir, ɗan shekara 8 zai iya goga karas kina kusa. A tire sai ki ce yau kwaɗon wance za mu ci, ita ta tsinke. In kina da ɗan fili ko da buhun siminti ne ki cika da ƙasa da taki ki huda gindin, ki ba yaro irin alayyahu ya watsa ya riƙa ba shi ruwa, cikin kamar sati huɗu za ku fara tsinka. Zogale ma reshe kawai ake dasawa ya kama. Ban taɓa ganin yarana sun ƙi abin da suka shuka ba.

Masu goyo

Wata 6 na farko nono zalla, ko ruwa ba a bayarwa. Daga wata 6 sai ki fara da dafaffiyar kabewa ko karas ko dankali mai jan ciki, ki murje ya yi laushi da ɗan ɗigon mai, cokali biyu zuwa uku sau biyu a rana, ana ci gaba da nono. Ganye ki dafa ki murje ko ki daka busasshen zogale ki tankaɗe ki sa ɗan kaɗan a kunu. Ki ɗebi nasa kafin ki sa gishiri da magi da yaji, zuma kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 1 ba. Wannan lokacin shi ne mafi sauƙi don bakinsu bai fara zaɓe ba, ki yi amfani da shi ki ɗanɗana masa iri-iri, in ya yamutsa fuska ba ƙi ba ne, sabon abu ya ji. Ɗanyen karas mai tauri ko yankan da ya yi ƙwallo-ƙwallo kar a ba yaron da bai kai shekara 4 ko 5 ba don yana shaƙewa, a dafa ko a goga, kuma a zaune ake ci ba ana gudu ba. Ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5 duk bayan wata shida a asibitin sha-ka-tafi ko lokacin makon lafiyar mata da yara, ki ci gaba da kai su, ganye bai maye gurbinsa ba. Shayi kuma kar a haɗa shi da abincin ganye da wake don yana rage yadda jiki ke ɗaukar ayon, lemu ko gwaba ne suke ƙara shi.

Abubuwan da za ki gani kar ki tsorata: bitirut, wani jan kayan lambu mai kama da dankali, yana sa fitsari ko bayan gidan wasu ya yi ja, ba jini ba ne, kabeji da wake suna kawo iska a ciki in an fara da yawa shi ya sa ake farawa kaɗan, kuma ganin ɓurɓushin karas ko ganye a bayan gidan ƙaramin yaro ba komai ba ne. Wanda ba a jira da shi shi ne in bayan cin wani abu jiki ya yi ƙuraje masu ƙaiƙayi, leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, nan asibiti za ki nufa kai tsaye, kuma ki tuna gyaɗa da ƙwai suna cikin masu jawo haka, ba lallai ganyen ba ne. Haka yaron da yake ramewa, ko ƙafafunsa suke kumbura, ko abincin da yake ci a duniya bai wuce uku ko huɗu ba kuma ko ganin sabo ya yi sai yunƙurin amai, wannan ya wuce dabarar kicin, a kai shi a duba.

Sai ajiya, tunda wutar nan ba a dogara da ita. Ganye kar ki wanke sai za ki dafa, ki naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta ki ajiye kusa da randa, zai kwana biyu. Akwai dabarar tukunya cikin tukunya da wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a shekarun 1990: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi da ruwa safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, tana aiki sosai da rani lokacin da iska ta bushe, da damina ne ƙarfinta ke raguwa. In za ki shanya zogale ko rama don rani ki shanya a inuwa a kan tabarma mai tsabta ki rufe da siririn ƙyalle, rana tana cinye launin da amfanin tare.

A gidana yanzu karas, kabeji, kabewa, alayyahu da rama sun zama 'yan gida, koren waken da aka taɓa jerawa a gefen tire ma ana ci in na yanka shi ƙanana a taliya. Zogale kuma yara biyu suna ci, autana har yanzu loma ɗaya yake yi ya ajiye, gauta kuwa ba wanda ya karɓa tukuna, na ɗaga mata ƙafa sai wata shekara. Wannan watan ganyen wake ne a layi, mun kawo shi sau huɗu, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan sa shi a faten tsaki, kuma ta tsakiyar ce za ta tsinke.